Neman shawara: me ya sa Abram ya raba dabbobin gida biyu?

Malamar ajin matasa:
Salama gare ku, iyayena da 'yan'uwa. Lahadi mai zuwa darasinmu Farawa sura 15 ne, inda Abram, wato Ibrahim, ya yanka dabbobi, ya raba kowace gida biyu, ya jera su. Matasa za su tambaye ni ko hadayar gafarar zunubi ce. Yaya zan bayyana musu ba tare da na kauce wa nassi ba?

Malamin makarantar Littafi Mai Tsarki:
'Yar'uwa, ki fara da abin da ayoyin suka lissafa. Aya 9: karsana, akuya da rago, kowanne ɗan shekara 3, sai kurciya da ɗan tattabara. Manyan ukun ya tsaga su a tsakiya, ya ajiye kowane rabi daura da ɗan'uwansa, hanya ta fito a tsakani. Tsuntsayen bai raba ba. Sai ki sa matasan su nemo abin da babu a wurin. Babu bagade, babu firist, ba a ƙona nama ba, ba a yayyafa jini ba. Ashe ba hadayar zunubi ta Littafin Firistoci sura 4 ba ce. Rantsuwa ce.

Da Ibrananci ba a cewa an ƙulla alkawari, ana cewa "karat berit", wato an yanka alkawari. Mai rantsuwa yakan bi ta tsakanin naman, jini hagu da dama, ma'ana idan na karya maganata, a yi mini yadda aka yi wa wannan dabba. Fassarar tana Irmiya 34:18-20. A zamanin Sarki Zadakiya, sojojin Babila sun kewaye Urushalima, manyan gari suka raba maraƙi biyu, suka ratsa ta tsakiya, suka 'yantar da bayinsu Ibraniyawa. Daga baya suka sāke kama su. Ubangiji ya ce gawawwakinsu za su zama abincin tsuntsaye da namomin jeji. Ki karanta musu wannan kafin ki shiga Farawa 15, sauran zai zo da sauƙi.

Fasto:
'Yata, malam ya faɗi gaskiya. Inda nake so ki daɗe shi ne aya 12 da 17. Rana na faɗuwa barci mai nauyi ya kwashe Abram, duhu mai bantsoro ya rufe shi. Sai ga tanderu mai hayaƙi da harshen wuta suna ratsawa ta tsakanin naman. Wa ya bi hanyar? Nassi bai ce Abram ya bi ba. Aikinsa ya yanka, ya jera, ya kori tsuntsaye masu cin nama da suka sauko. Allah ne ya ɗora wa kansa rantsuwar, a kan zuriya da ƙasa, har da labarin shekara 400 na wahala a baƙuwar ƙasa. Wannan abu yana taɓa zuciyata duk lokacin da na karanta shi.

Kuskure biyu da masu koyarwa ke yawan yi. Suna haɗa wannan da ragon sura 22 da aka miƙa a madadin Ishaku, alhali can hadayar ƙonawa ce a kan bagade. Suna kuma cewa yankan ne ya sa Abram ya zama adali, alhali aya 6 ta riga ta ce ya gaskata, aka lasafta masa adalci, tun ba a kawo dabba ko ɗaya ba. Ki kuma kira shi Abram, sai a sura 17 sunan ya koma Ibrahim, tare da kaciya.

Mama daga zumuntar mata:
Baba Fasto, a yi mini izini in ƙara. Wani yaro zai tambaya, to ina alkawarin da aka yi da jini? Wannan yana Fitowa 24. Musa ya gina bagade da ginshiƙai 12, samari suka miƙa hadayun ƙonawa da na salama. Rabin jinin ya zuba cikin kwanoni, rabi ya watsa wa bagade. Ya karanta littafin alkawari, jama'a suka ce za su yi biyayya, sannan ya yayyafa musu jinin. Ki lura da jerin, sai da suka amsa jini ya taɓa su. Nan jama'a ma sun ɗauki nauyi, ba kamar Farawa 15 ba. Bayan haka Musa, Haruna, Nadab, Abihu da dattawa 70 suka hau Dutsen Sina'i, suka ci suka sha.

Malamin makarantar Littafi Mai Tsarki:
Haka ne, Mama. Maƙwabtan Isra'ila ma sun san irin wannan. A wasiƙun birnin Mari da ke bakin kogin Yufiretis, kashe ɗan jaki shi ne ƙulla yarjejeniya. 'Yar'uwa, ki zana layi biyu a allo, ki bar fili a tsakiya, ki tambaye su wa ya ratsa. Kada ki ba su amsa, su buɗe aya 17 da kansu.

Malamar ajin matasa:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara muku hikima. Zan fara da Irmiya 34, Fitowa 24 kuma sai mako na gaba.