Wane irin tumatir ya dace da lambun gida?

Sabon Manomi: Assalamu alaikum. Ina da ɗan fili a bayan gida. Wane irin tumatir zan shuka, kuma yaushe?

Mai Lambu: Wa alaikumus salam. Nemi UC82B ko Roma VF, ba sa saurin lalacewa. Ka yafa iri a Oktoba, bayan mako 4 ka dasa da yamma, tazarar santimita 50. Sanyin hunturu yake so, zafin bazara kakkaɓe fure yake yi.

Ɗan Fadama: Malam, kula da ban ruwa. In ƙasa ta bushe ƙamas sannan ka malala mata ruwa, ƙasan 'ya'yan zai yi baƙi ya ruɓe. Ka riƙa zubawa kullum da safe, a gindi, ban da kan ganye.

Mai Lambu: Sai tsutsar sharon, wato 'yar tsutsar da ke shiga cikin ganyen tumatir tana ci. Duk ganyen da ta yi wa farin tabo, tsinke shi ka ƙone.