Kwamfuta uku a gida ɗaya, intanet ɗin kuma na cikin wayata

Baban Hauwa, Yelwa (Garwa): Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Kwamfuta uku ne a gidanmu: babbar ta tebur a shagon ƙofar gida inda nake buga wa mutane takardu, ta hannu wadda 'yata ke karatu da ita a ɗakin mamanta, sai ta ƙanina can sashensa a ƙuryar gida. Dukkanmu daga wayata muke jan intanet. Na fita kasuwa da ita, aikin kowa ya tsaya. Jiya kuma na ga murfin bayanta ya ɗago, batirin ya kumbura, don kullum tana jone da caja. Me zan saya wanda zai ɗauke mu gaba ɗaya?

Mai gyaran waya, Domayo (Marwa): Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin maganar saye, don Allah a daina cajin wayar nan yau, a kai ta a canza batir. Kumburarren batir yana iya kamawa da wuta, balle a zafin Garwa na watan Maris da Afrilu da ke haura digiri 40. Abin da ya dace da kai shi ne rauta, wato na'urar raba intanet a gida, mai cin layin waya, ta 4G, wadda ake ajiyewa wuri ɗaya. Ka duba bayanta kafin ka biya: a sami ramukan saka kebul, ko da biyu ne.

Ɗalibi a Dang (Ngaundere): Baba, ni ƙaramin modem na aljihu nake amfani da shi a ɗakinmu, mu huɗu, kuma yana yi. Yana da batirinsa, ko an ɗauke wuta yana ci gaba.

Mai gyaran waya: Ƙanina, ku ɗaki ɗaya kuke. Gidan Alhaji sashe-sashe ne, ga bango, ga kwano. Na aljihun nan ƙarfinsa bai wuce ɗaki da tsakar gida ba, yawancinsu kuma ba su da ramin kebul. In ya zauna a caja dare da rana, ƙarshensa irin na wayar ne.

Malamin lissafi, Ngaundere: Na goyi bayan rauta, amma bari in tsaya kan kebul, don nan mutane ke yin asara. Duk kwamfutar da ba ta motsi, a ja mata waya. Ta shago ba inda za ta je, to me ya sa za ta riƙa kokawa da bango? Kebul irin Cat5e ko Cat6 yana kai mita 100 ba tare da ya raunana ba, kuma da wuya gidan Alhaji ya kai haka. Ka auna tsawon da igiya, ka ƙara mita biyu ko uku, ka ce mai shago ya matse maka kawunan a gabanka ya gwada. In ramukan rauta sun kasa, akwai ɗan akwatin da ake kira suwic, mai rami 5 ko 8, ba ya buƙatar wani saiti.

Sashen ƙanin naka shi ne mai ɗan aiki. Ja kebul har can, ka sa tsohuwar rauta ta biyu, ko ta gwanjo ce. Sharaɗi biyu: a kashe DHCP a cikinta, wato saitin da ke ba kowace na'ura lambarta, don kada rauta biyu su riƙa raba lambobi a gida ɗaya su rikita kwamfutocin, sannan kebul ya shiga ramin LAN, ba na WAN ba. Lambarta ma a canza, kada ta zo ɗaya da ta babbar. Ni na taɓa mance na farkon, kwana biyu intanet na zuwa yana ɗaukewa, ina ta zargin rezo, wato sabis ɗin kamfanin waya.

Wani abu kuma: in rautar na da wifi iri biyu, 2.4 da 5 GHz, na 2.4 ya fi ratsa bango, na 5 ya fi gudu amma sai kana kusa.

Baban Hauwa: Malam, Allah ya saka da alheri. Kebul ɗin ta saman kwano zan bi da shi?

Malamin lissafi: A'a Alhaji. Rana za ta cinye robar, da damina kuma tsawa na iya biyo shi ta ƙona maka na'urori. Ka zura shi cikin siririn bututun roba, a bi jikin bango ta ƙarƙashin inuwa, ko a binne. In hadari ya haɗu sosai, a zare.

Maman Sadiƙ, Garwa: Yaya, ni abin da ya ƙona min rai ba haɗawar ba ne, kuɗin forfe ne, wato datar da ake saye. Ranar da muka sa rauta, abin da muka saba yin wata da shi bai kai mako biyu ba. Ashe kwamfuta in ta ga wifi ɗauka take kyauta ne, sai Windows ta hau sabunta kanta, kowace kwamfuta da nata. Ɗana ne ya shiga saitin intanet na kowacce ya kunna wurin da ke nuna cewa layin na awo ne, da Faransanci an rubuta connexion limitée. Ya kuma hana bidiyo tashi da kansa a Facebook. Daga nan muka samu sauƙi. Ka yi wannan tun ranar farko, kada ka jira sai ka ji a aljihunka.

Sai kalmar sirri. Ka faɗa wa yaro ɗaya, kafin la'asar duk samarin layi suna zaune a dakalinka. Ba rowa ba ce, maƙwabci yana da haƙƙi, amma a ba shi da sani. Rautoci da yawa suna da wifi na baƙi daban, wanda za ka kunna ka kashe lokacin da kake so.

Mai gyaran waya: Gaskiya ne Hajiya. A ƙara da canza kalmar shiga rautar kanta, wadda ke rubuce a takardar gindinta. Adireshin shiga ma yana nan, a na Huawei yawanci 192.168.8.1 ne. A saitin tsaron wifi a zaɓi WPA2, a kashe WPS, wato hanyar shiga ba tare da rubuta kalmar sirri ba.

Ɗan Kusiri: Ba wanda ya taɓo maganar wutar lantarki. Yawancin rautocin nan volt 12 suke ci, duba jikin cajarta ka tabbatar. Akwai ɗan batirin ajiya da ake yi musamman dominsu, yana riƙe ta sa'o'i in an ɗauke. Mai sola kuma ya nemi mai haɗi ya ba ta layinta. Kuma Alhaji, kada ka sayi wadda aka kulle wa kamfani ɗaya sai ka gwada. Ari layin MTN, Orange da Camtel, ka gwada kowanne a cikin gidanka da safe da kuma bayan isha'i, lokacin da kowa ke kan waya. Rezo unguwa-unguwa ne, wani lokacin ma ɗaki-ɗaki.

Baban Hauwa: 'Yan uwa, na dawo da labari bayan kwana tara. Na sayi rauta buɗaɗɗiya mai rami huɗu. Da farko na ajiye ta kan tebur kusa da firinta, sanda biyu kawai take nunawa. Da muka ɗaga ta kan katako kusa da taga, ta cika. Shago na kan kebul, Hauwa na samun wifi har ɗakin mamanta, an kuma yi saitin da Hajiya ta ce. Sashen ƙanina ne ya rage, mun auna mita 34, bututun muke jira. Malam, ranar da za mu kunna ta biyun zan kira ka, don wurin kashe DHCP ɗin ban gane shi ba tukuna.

Malamin lissafi: Ba damuwa Alhaji. Ka turo min hoton takardar gindinta tun yanzu in duba irinta, sai mu yi bayan sallar Juma'a.