Wace kwamfuta zan saya don zanen gine-gine? Jika 450 (sefa dubu 450) ke hannuna

Ɗan Bagalam:
Salamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema kafin in zuba kuɗina a rijiya. Na gama karatun gine-gine a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta nan Maraɗi, yanzu ina yi wa wani ɗan kwangila zanen gidaje a Ali Ɗan Sofo. Kwamfutar hannuna tun ta shekarar farko ce, RAM (ƙwaƙwalwar aiki) GB 4 kacal. Manhajar zane ta AutoCAD tana jan ta da ƙyar, amma da na buɗe Revit, manhajar zanen gini a 3D, sai fanka ta kama kuka kamar injin markaɗe, komai ya tsaya cik. Makon jiya Alhajin da muke yi wa bene ya shigo biro yana son ganin gidansa ta kowace kusurwa. Minti goma ina jan zanen ya ƙi juyawa, shi kuwa yana tsaye a kaina yana kaɗa makullin mota. Kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wani mai shago a babbar kasuwa ya nuna mini wata siririya mai tambarin i7 (sunan injin kwamfutar), RAM 8, ya rantse babu abin da ba za ta ja ba. Ƙanena kuma ya kafe sai MacBook. Mi kuka gani?

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam ƙane. Fara cire MacBook daga lissafi. Revit a kan Windows kaɗai yake aiki, haka ma SolidWorks. Ƙanenka kyan jiki ya gani.

Ita kuma siririyar, kada tambarin i7 ya ruɗe ka, i7 suna ne ya tara. Ka sa ya buɗe maka cikakkiyar lambar. In ta ƙare da U, an yi ta ne don aikin ofis da tattalin batir. Kai mai H kake nema. Sannan ka dubi lambar farko (ko biyun farko daga zubi na goma zuwa sama): i7-8750H zubi na takwas ke nan, kuma kada ka sauka ƙasa da takwas, don Windows 11 ba ta karɓar yawancin na baya, ga Windows 10 an daina kula da ita tun Oktoban 2025.

Da wannan kuɗin, ni da zan saya, tsohuwa mai ƙashi zan nema a kan sabuwa mai sheƙi: Dell Precision 7530, ko ThinkPad P52, ko HP ZBook 15 G5. Don irin aikinmu aka ƙera su, da katin zane na NVIDIA Quadro mai ƙwaƙwalwar kansa. RAM kada ya gaza 16, kuma Precision ɗin da P52 gurbi huɗu gare su, in ka samu wata kwangila sai ka ƙara zuwa 32. Siraran nan da yawa an like RAM ɗinsu a jikin allo, yadda ka saye ta haka za ta tsufa. Ma'ajiya kuwa mai sauri wadda ake kira SSD, GB 512 a ƙalla.

Aibinsu nauyi. Ita da abin cajinta, in ka rataya a kan kabu-kabu kafaɗarka za ta ba da labari.

Mai Gyara na Sabon Gari:
Injiniya ya gama magana, ni ta wajen gyara zan ƙara. Waɗanda ake kawo mini ba ƙarancin ƙarfi ke kashe su ba, zafi ne da ƙura. A watan Afrilu da Mayu garin nan yana haura digiri 40, ita kuma tana dafa kanta daga ciki. Lokacin hazo in na kwance fanka, abin da nake cirowa kamar audugar katifa. Ka tabbata mai fanka biyu ce, kada ka aza ta bisa katifa ko darduma, kuma duk shekara a share ta a sake mata man sanyaya.

Ranar saye kada ka yarda da kunna-ka-gani. Tafi da babban zanenka, ka buɗe, ka yi ta juya shi rabin awa kana taɓa gindinta. Ka buɗe Command Prompt na Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport ka ga abin da ya rage wa batir. Abin caji kuma ya zama nata na asali. Irin waɗannan suna shan wat 150 zuwa sama, in aka haɗa ka da ƙaramin na 65 za ta rage gudu da kanta. Kuma in an ɗauke wuta kada ka sa rai da yini, aikin 3D yana zuƙe batir nan da nan.

Maman Hanifa:
Malam, ka duba madannai. Na kwamfutocin da ake kawowa daga Kano yawanci QWERTY ne, jerin Ingilishi, mu kuwa da AZERTY, jerin Faransanci, muka saba, ga é da à a rubutun filan. Ni tawa sai da na yi wata guda ina buga q a wurin a. Kuma ka nemi mai lambobi a gefen dama, mai shigar da awo duk yini ya san amfaninsu.

Ɗan Bagalam:
Allah ya saka da alheri. Na koma shagon da la'asar, siririyar i7-7500U ce, babu katin zane. Mai shagon ya ce akwai ZBook da za ta iso daga Kano ranar Laraba, amma yana son kafin alƙalami. Injiniya, in ba shi?

Tsohon Injiniya:
Ko dala kada ka ba shi sai ta iso. Laraba ka kira ni bayan azahar, mu je tare da zanen benen Alhaji.