Son ƙwarewa a ciwon gaɓɓan yara: ta ina ake kamawa?

Sabon likita, Kawo: Assalamu alaikum manyanmu. Na gama hidimar ƙasa, ina son bin layin yaran da garkuwar jikinsu ke far wa gaɓɓai da ƙoda, irin su lufus da amosanin gaɓɓai. A ba ni shawara.

Babbar likitar yara, Unguwar Rimi: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ci jarabawar share fage ta kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma, ka nemi gurbi a sashen yara, misali a asibitin koyarwa na Shika. Idan ka gama, asibitin yara na Red Cross a Cape Town yana horar da likitocin Afirka a wannan fanni. Kafin nan ka riƙa bin laccocin PAFLAR, ƙungiyar likitocin ciwon gaɓɓan yara ta Afirka, ta intanet. Amma ka riƙe wannan: a nan wajenmu, amosanin gaɓɓai shi ne na ƙarshe a lissafi. Sai kumburi ya fara kafin shekara 16, ya kai mako 6, an kuma kawar da sikila da tarin fuka. Gaɓa ɗaya mai zafi da zazzaɓi, a zuƙo ruwanta a ranar. Kada ka ba da sitiroyid, maganin rage kumburi, kafin ka ga gwajin jini, musamman idan ciwon ƙashi na tada yaro da dare, don yana ɓoye sankarar jini.

Likitan zuciya, Malali: Haka ne ranki ya daɗe. Ciwon da ke tsalle daga gwiwa zuwa idon sawu mako 2 zuwa 3 bayan ciwon maƙogwaro, ka saurari zuciya. Idan ya tabbata zazzaɓin rumatik ne, mai lalata zuciya, allurar benzatin fenisilin duk mako 3 zuwa 4: yunit 600,000 ga wanda bai kai kilo 27 ba, miliyan 1.2 ga wanda ya wuce.

Mai harhaɗa magunguna, Barnawa: Nawa ɗaya ne, metotirekset, maganin amosanin gaɓɓai. Sau ɗaya a MAKO, milgiram 10 zuwa 15 bisa kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, folik asid kuma a wata rana dabam. Ka rubuta sunan ranar a jikin leda, ka sa uwa ta maimaita maka. Shan sa kullum yana kashe ɓargo, bakin yaro ya yi gyambo. A riƙa duba jini da hanta.

Likitar ido, Mando: Kar a manta da mu. Kumburin cikin ido a waɗannan yara ba ya ja, ba ya zafi, sai gani ya tafi. Ƙaramar yarinyar da gaɓɓai kaɗan suka kumbura mata, gwajin jini na garkuwar jiki (ANA) kuma ya nuna, a turo ta Cibiyar Ido ta Ƙasa duk wata 3.

Tsohuwar nas, Tudun Wada: Ɗana, yaro ba ya cewa gaɓa ta sage. Tambayi uwa ko yana iya tsugunno da asuba, ko zaman tahiya. Ka duba tabon tsaga, da yawa sun biya ta wurin mai ɗori. Kuma ka ja kunnen uba: sitiroyid ɗin firedinisolon ba a yanke shi rana ɗaya don kumatu sun kumbura, a hankali ake ragewa.

Sabon likita, Kawo: Allah Ya saka da alheri. Mai lufus fa, gwajin fitsari sau nawa?

Babbar likitar yara, Unguwar Rimi: Duk zuwa, haɗe da awon hawan jini.