Jirgi ko mota? Zan kai Hajiya asibiti Abuja ranar Litinin

Ummin Sadiƙ: Assalamu alaikum. Likita ya ba mahaifiyata ƙarfe sha ɗaya na safiyar Litinin a wani asibiti a Abuja, daga Kaduna za mu taso. Shekarunta 74, gwiwa ta hana ta taka matakala, kuma ba ta jure zaman mota da ƙafa a lanƙwashe. Tambayata biyu ce. A tashar jirgin ƙasa ta Rigasa a Kaduna akwai yadda za a shigar da mai keken marasa lafiya cikin tarago ba sai an ɗauke ta cak ba? Sannan jirgin safe yana isa kan lokaci, ko mu tafi tun Lahadi? Tun da jirgin ya kauce daga layi a kusa da Asham cikin Agustan 2025, yayanmu ya kafe a kan sai dai a ɗauki shatar mota. Wanda ya hau kwanan nan ya taimaka mini.

Alhajin Kurmi: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ai idan ana zancen jirgin ƙasa, je ki hau na Makka zuwa Madina. Kilomita 450 cikin awa biyu da 'yan mintuna. Na ajiye kofin shayi a kan ɗan teburin gabana, har muka isa ko ɗigo bai zube ba. Namu kilomita 186 ne kacal, amma kusan lokaci ɗaya suke ci.

Ummin Sadiƙ: Amin, Alhaji. Allah ya kai mu. Amma yanzu dai Abuja za mu.

Direban Kawo: Ƙanwata, ɗauki mota. Ku tashi bayan asuba, Hajiya ta miƙe ƙafa a kujerar baya, a sauke ku a ƙofar asibiti. Jirgi a Idu ko Kubwa zai zubar da ku, daga nan kuɗin tasi zuwa cikin gari sai ya fi kuɗin tikitin.

Ɗan Barnawa: To fa. An tambayi mahauci ko a ci kifi.

Yaya Binta: Ni ban so in sa baki ba, amma na kasa. Ƙanina yana cikin jirgin daren Litinin 28 ga Maris 2022, wanda aka tarwatsa wa layi a wajen Katari. Ya kira ni yana raɗa, ina jin harbi ta bayansa, ya ce sun kwanta a ƙasa tsakanin kujeru, mu yi musu addu'a. Daga nan waya ta mutu. Har asuba ina kan sallaya da waya a hannu.

Allah ya sa ba ya cikin waɗanda aka kora daji, amma harsashi ya same shi a cinya. Da na gan shi a asibiti takalminsa ɗaya ne a ƙafa, an ɗaure masa cinyar da mayafin wata baiwar Allah da har yau ba mu san ko wace ce ba. Manya suka zo da 'yan jarida, aka yi hoto, aka ce kada mu damu da komai. Bayan an sallame shi aiki na biyu ya taso. Na ɗauki takardu zuwa wani ofishi sau huɗu. Zuwan farko oga ya yi tafiya, na biyu a sake rubuto wasiƙa, na uku fayil ba ya nan, na huɗu mai gadi ma bai bar ni na shiga ba. Filin gadonmu muka sayar.

Mu ma da sauƙi. Mutum fiye da 60 aka sace, na ƙarshe su 23 sai 5 ga Oktoba suka fito, wata shida da kwanaki a hannun mutanen nan. Iyalansu har zanga-zanga suka yi a Abuja kafin a saurare su. Ranar 5 ga Disamba jirgi ya dawo aiki kamar ba a yi komai ba. Ƙanina har yau yana ɗingishi, kuma in ya ji ƙarar jirgi sai ya tashi ya bar wurin.

Maman Twins: Innalillahi. Yaya Binta, Allah ya saka muku, ya ji ƙan waɗanda suka rasu.

Malam Na-Azhar: Amin. Abin da ke ci mini rai shi ne babu wanda ya ce laifinsa ne. Ina karatu a Alƙahira a Fabrairun 2019 lokacin da kan jirgi ya daki shinge a tashar Ramsis, wuta ta tashi, mutum fiye da 20 suka mutu. A ranar ministan sufuri ya ajiye aiki. Namu fa? Amaechi, ministan sufurinmu na lokacin harin, ya ce ya nemi a sayi na'urorin sa ido a kan layin aka ƙi amincewa. Ya yi murabus a watan Mayun 2022, amma don takarar shugaban ƙasa.

Baƙon Turai: Malam, murabus ba ya dawo da rai. A Girka, ranar 28 ga Fabrairun 2023, jirgin fasinja da na kaya suka yi taho-mu-gama a Tempi a kan layi ɗaya, mutum 57 suka mutu, da yawansu ɗalibai. Washegari minista ya sauka, aka kama mai kula da tashar Larisa. Shekara biyu bayan nan iyaye suna kan titi da dubban ɗaruruwan mutane suna cewa an yi rufa-rufa. Abin da suka fi mu shi ne ba su yi shiru ba.

Ɗan Ngaundere: Mu a Kamaru mun ga namu a Eseka, Oktoban 2016. Hanyar mota ta Yawunde zuwa Duwala ta yanke, jama'a suka yi ca a tasha, aka ƙara taragu a jikin jirgi, ya kife, mutum 79. Kotu ta kama kamfanin da laifi daga baya. Duk da haka jirgin dare nake bi zuwa Yawunde, da ɗan gadona na kwanciya, don hanyar mota ta fi kashe mutane a hankali ba mai ƙirgawa.

Ɗan Barnawa: Baiwar Allah ta tambayi Rigasa, an kai ta Madina, an biya da ita Masar, yanzu tana Kamaru. Saura a yi mata biza.

Maman Twins: Bari in dawo da ita gida. Ni dubu uku da ɗari shida na biya ƙaramar kujera, ta manya dubu shida da ɗari biyar. Akwai sanyi, akwai banɗaki, Hajiya za ta iya miƙe ƙafa.

Auwalu Kakuri: Wane dubu uku? Ni dubu tara na ba wani yaro a bakin tasha. Tikiti ya buɗe a waya, kafin in gama shigar da lambar kati an ce ya ƙare, amma yana hannun 'yan bumburutu. Da na shiga tarago kujeru shida ne babu kowa a gabana.

Maman Twins: Kai ka je ranar Juma'a da yamma, me kake tsammani?

Auwalu Kakuri: Talata ce, Hajiya. Ke yaushe rabonki da jirgin?

Maman Twins: Bara kafin azumi.

Direban Kawo: Kun gani ko? Mai labarin bara, da mai labarin Saudiyya. Ni jiya na dawo daga hanyar nan.

Auwalu Kakuri: Hanyar da ake gyara tun 2018? Ranar da tirela ta faɗi a inda aka haɗe hannu biyu, awa bakwai muka yi. Kuma ai tsoron masu garkuwa a wannan hanyar ne ya tura manya da ƙanana cikin jirgi tun farko.

Yaya Binta: Ni ban ce kada ta hau ba. Na faɗi abin da idona ya gani ne. In abu ya faru, ku sani ku kaɗai ne.

Malam Na-Azhar: Ummin Sadiƙ, ko kin yanke shawarar jirgi, ki duba lambar NIN ta Hajiya tun yau. Tun da aka dawo aiki a 2022 ake neman ta wajen sayen tikiti.

Ummin Sadiƙ: Tana da ita, sai dai an rubuta Hauwa maimakon Hawwa'u, kuma an rage mata shekara goma.

Auwalu Kakuri: Wayyo. Ni harafi ɗaya aka juya a sunan mahaifina, wata biyar ina sintiri, har layin wayata aka rufe.

Ɗan Barnawa: A bar wa Hajiya shekarunta goman, riba ta ci.

Maman Twins: Na mijina an gyara, amma banki ya ce bai gani ba tukuna. Auwalu, kai nawa suka karɓa a wajenka?

Ummin Sadiƙ: Jama'a, maganar keken fa?