Faifan DAF na 1979: babu muryar mawaƙi, kuma allura na tsalle

Mai_Garmaho:
Salam 'yan'uwa. Tambaya ce kan faifan garmaho na farko na DAF, ƙungiyar mawaƙa ta Jamus, "Produkt der Deutsch Amerikanischen Freundschaft". Tun daga farko har ƙarshe ba a jin mawaƙi, allura kuma tana tsalle a gefe na biyu. Lalataccen bugu ne? Ta yaya ake gane bugun asali?

Ɗan_Tsohuwa:
Wa alaikumus salam. Ba lalacewa ba ce, Malam, haka aka yi shi. Gabi Delgado, mawaƙinsu, ba ya cikin ƙungiyar lokacin ɗaukar, sai Robert Görl a ganga, Kurt Dahlke, Michael Kemner da Wolfgang Spelmans. Gajerun kiɗa 22 ne marasa suna, jita mai ƙara da sautin lantarki, wasu ko minti ɗaya ba su kai ba. Duk wanda ya saba da DAF ɗin 1981 na kamfanin Virgin zai ɗauka wata ƙungiya ce daban. A ganina nan ne aka fi jin hayaniyar da ta tashi a Düsseldorf, wajen mashayar Ratinger Hof, kafin manyan kamfanoni su tsaftace ta.

Bugun asali na kamfanin Warning ne, wanda daga baya ya canza suna zuwa Ata Tak. Idan ka ga sunan kamfanin Mute ko Bureau B a kwalin, ko zanen layukan farashi a baya, sabon bugu ne. Duba lambar da aka karta kusa da takardar tsakiya, ka gwada da ta Discogs, shafin intanet na bayanan faya-fayai.

Injiniya_K:
Tsalle dai yawanci datti ne ko rashin nauyin allura. Fara da wanki: tataccen ruwa kashi 4, sinadarin isopropyl (wani nau'in alkohol) kashi 1, ɗigo ɗaya na sabulun ruwa. Ban da ruwan famfo, yana barin gishiri a tsagin. Goga da burushi mai laushi kana bin zagayen tsagin, kada takardar tsakiya ta jiƙe, ɗauraye, ka jingine shi tsaye ya bushe a inuwa. Sannan auna nauyi da ƙaramin sikeli. Allurar AT-VM95E tana son giram 2. Kada ka ɗora kwabo a kan hannun allurar don ƙara nauyi, zai cinye tsagin. In har a wuri guda take tsalle bayan wanki, karce ne, ruwa ba zai gyara ba.

Hajiya_Sauti:
Ƙari kaɗan ga mai son kwafa a kwamfuta. Sai sautin ya bi ta akwatin phono (na'urar da ke ƙarfafa da daidaita sautin garmaho) tukuna, in ba haka ba sautin zai fito siriri babu nauyi. Ɗauka da manhajar Audacity a 24-bit, ƙololuwar ƙarfin sauti kada ta wuce -6 dB. A wannan faifan kuwa kada ka bar manhaja ta cire ƙaraf-ƙaraf da kanta, domin ba ta bambance karce da kaifin jitar Spelmans, sai ta yanke duka. Cire manyan da hannu ɗaya bayan ɗaya, ƙananan ka ƙyale su.