Me ake nema a aikin gwamnati da har ake rububinsa haka?

Ɗan Adar: Assalamu alaikum. Tambayata ga manyanmu ma'aikata. Duk sanda aka buɗe konkur, wato jarrabawar ɗaukar ma'aikata, a nan Tawa, sai ka ga matasa sun yi layi tun asuba wajen neman takardar ɗan ƙasa da ta shaidar kotu. Alhali kowane ma'aikaci kukansa ɗaya, albashi ba ya kai ƙarshen wata, kuma mai ɗauko albasa daga Galmi na iya samun abin da ya fi haka a lodi guda. To me ke jan mutane? Kuma me ke riƙe su bayan sun shiga?

Malam Na-Buza: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da ake bi shi ne matirikil, lambar nan da ke maida mutum cikakken ma'aikacin ƙasa. Ɗan kwantiragi da mai lamba suna iya koyarwa a lakwal guda, aji na jikin aji, amma ɗan kwantiragi ɗan alawus yake karɓa, ba ya hawa mataki. Mai lamba kuwa ana sa shi a rukuni gwargwadon takardarsa: A galibi na masu digirin jami'a, B na masu BAC, wato takardar gama babbar sakandare, C na masu BEPC, ta gama ƙaramar sakandare, sai D a ƙasa. Yana yin shekara guda ta gwaji kafin a tabbatar da shi, daga nan duk shekara biyu yana hawa mataki, albashi na ɗan motsawa. Ƙarin ba yawa gare shi ba, amma tabbas ne. Da wannan tabbacin banki ke ba shi bashin sayen fili ko babur, tunda ta asusunsa albashin ke biyowa, kuma da shi yake sa ran fansho daga CARENI, asusun fanshon ma'aikatan Nijar, in ya tsufa. Mai albasa in damina ta ɓaci ko farashi ya faɗi, wa zai kai wa kuka? Sai dai waɗanda suka ga shekarun 1990, lokacin da aka tara wa ma'aikata bashin albashi na watanni, sun san tabbacin nan ma yana iya girgiza.

Hajiya Ta-Madawa: Malam ya faɗi gaskiya, amma lamba shigo da mutum kawai take yi, ba ita ke sa shi aiki da zuciya ɗaya ba. Ku dubi ungozoma a likitar ƙauye da ake buga wa ƙofa ƙarfe biyun dare, ta karɓi haihuwa da fitilar hannu. Babu wanda zai ƙara mata ko dala. Ganin uwa da jariri sun tashi lafiya, da mutuncin da gari ke ba ta, su ke riƙe ta.

Abin da ke kashe wannan zuciyar rashin adalci ne wajen tura ma'aikata. A kai wani Tiliya ko Tasara ya shekara biyar ba a waiwaye shi ba, mai uwa a gindin murhu kuwa bai taɓa barin Yamai ba. Sai rashin kayan aiki. Ana komawa lakwal a Oktoba, amma ajin zana ba ya tsayuwa sai an gama girbi an samu kara, kuma hadarin farko na tashi karatu ya watse. Malamin da ya fito daga makarantar horon malamai ta Kaocen da ɗokinsa, in ya yi shekara uku haka, jikinsa sanyi yake yi.

Tsohon Akawu: Ɗana, in ka shiga, ka riƙe takardunka kamar ranka, don yawancin ɓacin ran ma'aikata daga nan yake. Hawa mataki ba ya bayyana a albashi sai takardar ta fito daga ma'aikatar kula da ma'aikata ta isa sashen albashi na ma'aikatar kuɗi. In ta maƙale a hanya, mutum na nan kan tsohon albashi, sai daga baya ya bi cikon kuɗinsa. Ka ajiye kwafin takardar ɗauka, ta tura ka wurin aiki, ta kama aiki, da ta kowane mataki. Ka kuma duba sunanka da ranar haihuwarka su zama iri ɗaya ko'ina. Mahamadu a wata takarda, Mamman a wata, ko shekarar takardar haihuwa ta kotu ta saɓa da ta difloma, wannan kaɗai ya isa ya tsayar da fanshon mutum watanni bayan ya aje aiki.